Raizobiyam, maikoraiza ko takin rami: me sabon manomi zai fara saye?

Sabon Manomi (Jega):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da fadama kusan rubu'in hekta da zan sa albasa da tumatir da tattasai da rani, sai gonar tudu da nake son rabawa tsakanin masara da waken suya idan damina ta faɗi. Niyyata in yi noma ba takin zamani, ba feshin guba. To shagunan kayan gona cike suke da kwalabe da ƙunshe-ƙunshe, kowanne an rubuta yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu raya ƙasa: raizobiyam, maikoraiza, tiraikodama, EM da sauransu. Kuɗina ba su kai in saye duka ba. Wanne ne dole, wanne ne na ganin dama, wanne ne zubar da kuɗi?

Malamin Gona (Birnin Kebbi):
Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Waɗannan ƙwayoyin rayayyu ne, suna buƙatar abinci da laima da inuwa. Jigawar tudunmu yashi ce, ruɓaɓɓen abu a cikinta galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma a watan Afrilu samanta yakan yi zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi. Ka zuba kwalbar dubu goma a irin wannan ƙasa, cikin 'yan kwanaki ba sauran mai rai. Don haka taki ne farko.

Amma kafin takin ma, a auna ƙasar. Ka bi gonar a karkace, ka haƙa wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, kana guje wa gindin itace da tsohon suri da inda aka taɓa tara taki. Ka haɗa su a roba mai tsabta, ka cakuɗa, ka ɗebi rabin kilo, ka shanya a inuwa. Na fadama daban, na tudu daban. Ka kai sashen nazarin ƙasa na jami'a, Aliero ko Sakkwato, ko ka tambayi jami'an KARDA, hukumar raya noma ta Kebbi, inda suke kaiwa. Abu uku za ka nema: pH, wato awon tsami ko kanwar ƙasa, fosfaras, wato ɗaya daga cikin sinadaran abincin shuka, da yawan ruɓaɓɓen abu. Idan pH na tsakanin 6 da 7 ba ruwanka da farar ƙasa. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, raizobiyam zai sha wahala kuma fosfaras zai maƙale. Idan kuma fadamar na fitar da farin kanwa a sama in ta bushe, wannan wata matsala ce daban: garin dutsen da ake kira jibsam da wanke ƙasar da ruwa take so, farar ƙasa ko toka ƙara ɓata ta za su yi.

Baba Mai Albasa (Aliero):
Malam ya yi gaskiya. Ɗiyana, wagga magana ta ƙwayoyi duk tana cikin takin da ya ruɓe da kyau, sai dai ba a rubuta mashi suna ba. Ga fangali mai mita 2 da mita 3, taki busasshe ruɓaɓɓe kilo 6 zuwa 12 ya isa, a cuɗa shi da ƙasar sama mako biyu kafin dashe. Albasa ba ta son ɗanyen taki ko kaɗan. Tana yin ganye ƙwarai har ka yi murna, amma wuyanta ya yi kauri, ba ta rufewa, kuma in an kai rumbu ita ka fara ruɓewa.

Hajiya Mai Lambu (Argungu):
Bari in ƙara a kan ta Baba, don mutane da yawa tara kashin shanu kawai suke yi a rana su ce sun yi taki. Wannan bushewa ce, ba ruɓewa ba, kuma rabin amfaninsa ya bi iska.

A samu inuwa. Tsibin ya kai aƙalla mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, ƙasa da haka ba ya riƙe zafi. Busasshen abu, wato karan dawa da aka sassara, karan shinkafa, ɓawon gyaɗa, kashi 3. Kashin dabbobi da ɗanyen ganye kashi 1. A jera hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa ruwa. Gwajin laima shi ne ka damƙi cikin hannu ka matse: ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Ya tsiyaya, ruwa ya yi yawa. Ya warwatse, ya yi kaɗan. Ka soka ƙarfen rodi a tsakiya. Bayan kwana 3 zuwa 5 idan ka zaro ya kamata ka kasa riƙe shi, wannan zafin na digiri 55 zuwa 65 ne yake kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A juya duk mako biyu, na gefe ya koma ciki. Wata 2 zuwa 3 ya nuna: ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Idan yana warin fitsari mai shiga hanci, kashi ya yi yawa, ƙara kara. Idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ba ta shiga, juya shi ka rage ruwa. Idan ya yi fari-fari kamar toka a ciki, ya bushe yana ƙonewa ne. Idan bai yi zafi ba sam, ko ya bushe ko kara ya rinjaya.

Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi sau biyu zuwa uku, don haka rabin awo ake sa shi, kuma ɗanyensa ƙone saiwa yake yi. Ga latas da karas da duk abin da ake ci ɗanye yana taɓa ƙasa, ƙa'idar masu noma ba takin zamani ita ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbi.

Sabon Manomi (Jega):
Allah ya saka, Hajiya. Toka fa? Na ji ana cewa a barbaɗa ta cikin takin don ya ƙara ƙarfi.

Ɗalibar Nazarin Ƙasa:
Yayana, kar ka haɗa toka da ɗanyen kashin kaji ko fitsarin shanu. Toka na da kaifin kanwa, tana mayar da naitirojin ɗin iskar amoniya ya tashi. Warin da kake ji yana tashi, takinka ne yake tafiya. Toka na da fotashiyam da kalsiyam, tumatir da albasa na so, amma daban ake sa ta, giram 50 zuwa 100 a murabba'in mita, sau ɗaya a shekara, kuma a ƙasar da pH ɗinta bai kai 7 ba. Tokar itace da kara kawai, ban da wadda aka ƙona leda ko taya a ciki.

Kuma tunda ana maganar abin da ake zubawa, a kula da takin bola. Batir da gwangwanin fenti na ruɓewa a ciki, dalmar da ke cikinsu kuma ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasa shekara da shekaru. Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ƙurar dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta jawo. Duk garin da ake niƙa dutse ko wanke shi, kar a ɗebi jujinsa a kai lambu, ko kyauta ne.

Ɗan Zuru:
To a zo kan ƙwayoyin, don akwai wanda kuɗinsa ke dawowa. Raizobiyam na waken suya shi ne na ɗaya, ba tantama. Bakteriya ce da ke shiga saiwa ta yi 'yan ƙululu, a ciki take kamo naitirojin daga iska ta ba shukar. Wake da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, irin bakteriyar da ke kama su tana nan a yawancin gonaki, shi ya sa sa musu na saye ba kasafai yake nuna bambanci ba. Waken suya baƙo ne. Ko irin TGx na cibiyar binciken noma ta IITA da aka ƙirƙira don su iya kama bakteriyar gida, sukan ƙara yabanya idan an shafa musu, musamman a gonar da ba a taɓa noma shi ba.

Wanda aka fi sani a nan shi ne NoduMax na IITA Ibadan, baƙin gari a ƙunshin giram 100. Lissafi mai sauƙi giram 10 ga kilo ɗaya na iri, wato ƙunshi ɗaya ga kilo 10, amma ka duba rubutun jikinsa. Hekta na cin iri kilo 50 zuwa 60. Yadda ake yi: a narkar da ƙaro a ruwan ɗumi, a bar shi ya huce sarai. In babu ƙaro, sukari kashi 1 a ruwa kashi 9. Kimanin mililita 200 ya isa kilo 10, jiƙa fatar irin kawai ake so, ba tsoma shi ba, don fatar waken suya na saɓulewa in ruwa ya yi yawa. A zuba a baho a juya har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, sannan a barbaɗa garin a sake juyawa a hankali har duk su yi baƙi. A baza a buhu a ƙarƙashin inuwa minti 20 zuwa 30. A shuka a ranar, a ƙasa mai laima, ana rufewa nan take. Abin da za ka iya shukawa a yinin kaɗai za ka shafa wa.

Abin da ke kashe shi: rana, ajiya a shago mai rufin kwano, wucewar wa'adi, da cakuɗa shi da maganin wanke iri ko toka. Ƙunshin da ya yini a but ɗin mota daga Kano a watan Mayu, ka ɗauka gawayi ka saya. Ajiya a wuri mai sanyi, ko a leda a ɗaure a gindin randa, ko ƙasan firji, ban da wurin ƙanƙara.

Malamin Gona (Birnin Kebbi):
Ƙari a kan ta Ɗan Zuru: yadda za ka gane ya kama. Mako 5 zuwa 6 bayan shuka, ka haƙo gindi biyar da fartanya, kar ka fizge don ƙululun za su tsinke a ƙasa. Wanke saiwar a roba. Ka fasa ƙululu da farce. Cikinsa ja-ja ko ruwan hoda kamar nama, yana aiki. Fari, bai fara ba ko kuma bakteriyar ragguwa ce. Kore ko baƙi, ya gama. Manya da suka taru a wuyan uwar saiwa galibi na abin da ka shafa ne.

Kar a rikita shi da kumburin tsutsar saiwa. Ƙululun raizobiyam a gefe yake maƙale, ka ture shi da yatsa ya faɗi. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura kamar carbi, ba ya ɓallewa. Duk ƙululun da ka gani a saiwar tumatir ko kuɓewa, ciwo ne.

Sai babban sharaɗi: ba fosfaras, ba ƙululu. Ƙasarmu kuma shi ta fi rasawa.

Sabon Manomi (Jega):
Ranka ya daɗe, a nan na maƙale. SSP takin zamani ne, to daga ina zan samu fosfaras ɗin?

Malamin Gona (Birnin Kebbi):
Hanya uku. Kashin kaji ruɓaɓɓe, shi ya fi sauri. Sai ƙashin mahauta: a ƙona shi har ya yi baƙi yana karyewa da hannu, a daka ya yi laushi, giram 50 zuwa 100 a murabba'in mita, a cuɗa kusa da inda saiwa za ta bi, don fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan yake zama. Sai dutsen fosfet irin wanda ake samu a yankin Dange da Shuni a Sakkwato. Shi wannan a hankali yake narkewa, kuma sai a ƙasa mai ɗan tsami. Ka barbaɗa shi a fadama mai pH 7 ko sama, kamar ka zuba tsakuwa ne. Dabarar ita ce a niƙa shi ya zama gari a sa cikin tsibin taki tun ranar haɗi, kilo 5 ga kilo 100 na kayan, tsamin ruɓewar ya ɗan sassauta shi. Ko da hakan, a shekara ta biyu da ta uku aka fi ganin amfaninsa.

Mai Shagon Iri (Kamba):
Malamai kun mayar da mu kamar masu sayar da ruwan kwalba. Maikoraiza fa? Albasa na cikin shukokin da suka fi dogara da ita, wannan ba talla ba ne.

Ɗalibar Nazarin Ƙasa:
Alhaji, rabin maganarka gaskiya ne. Saiwar albasa gajera ce, kusan ba ta da gashi, don haka tana dogara da wannan fumfunar mai shiga saiwa ta miƙa zare cikin ƙasa ta jawo mata fosfaras da zink. Inda muka rabu shi ne ko abin da ke cikin ƙunshin na da rai. Gwaje-gwajen da aka yi kan kayan kasuwa a ƙasashe daban-daban sun nuna mafi yawansu ba sa kama saiwa. Ko aikin COMPRO na IITA, da ya gwada kayayyakin ƙarin yabanya sama da 100 a Najeriya da Kenya da Habasha, kaɗan ne ya samu suna yin abin da aka rubuta a jikinsu.

Kuma yawancin gonaki na da tasu ta asali. Inda take raguwa shi ne ƙasar da ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, kamar fadamar da aka cire shinkafa, ko wadda aka bari fayau ba ko ciyawa, ko aka sha kaftu mai zurfi. To a nan ƙari zai iya amfani. Sai dai dole ta taɓa saiwa: a gadon reno ake sa ta a ƙarƙashin iri, ko a ramin dashe. Barbaɗawa a sama ko feshi a ganye asara ce. Kabeji da alayyahu kuma ba sa hulɗa da ita gaba ɗaya.

Mai son ta gida: ya ɗebo ƙasar saiwar ciyawa daga gefen daji inda ba a noma, ya haɗa da yashi da ɗan taki a buhu, ya shuka dawa da wake a ciki. Bayan wata 3 a daina ban ruwa mako biyu, a yanke kan, a yayyanka saiwar ƙanana a cakuɗa da ƙasar buhun. Cikin tafi ɗaya a kowane layin reno. Haɗarinta shi ne za ka iya kiwon tsutsar saiwa tare da ita, don haka ka duba saiwar waken kafin ka yi amfani.

Mai Shagon Iri (Kamba):
Na karɓi gyara, 'yata. Amma a gaya wa mai saye abin da zai duba, don mai kyau da maras kyau a kanta ɗaya suke zaune. Sunan ƙwayar cikakke, ba "ƙwayoyi masu amfani" kawai ba. Adadin masu rai a kowane giram. Ranar yi da ranar ƙarewa. Lambar NAFDAC. Kwalbar da ta kumbura ko ƙunshin da ya dunƙule ya yi tauri, a bar shi. Wanda kuma aka ce shi kaɗai yana maganin tsutsa da fumfuna da fari, ya kuma ninka girbi, ni ma ba na ɗauka.

Baba Mai Albasa (Aliero):
Mi za a yi wa irin da ka faɗuwa a gadon reno? Ka kwana da shi tsaye, da safe ka iske fili-fili ya kwanta, gindin ya yi siriri awa an tsunkule shi. Ɗiyan yanzu na cewa tiraikodama. A yi wa sabon shiga bayani.

Malamin Gona (Birnin Kebbi):
Baba, fumfunar ƙasa ce ke cin wuyan tsiron, kuma abin da ke ba ta dama shi ne yawan ruwa, cunkoson iri da ban ruwan yamma. A ɗaga gadon santimita 15, a shuka a layi da tazarar santimita 10, a yi ban ruwa da safe, a cire rufin ciyawa da zarar ya tsiro. Tiraikodama na taimakawa, amma riga-kafi ce, ba ta tayar da wanda ya kwanta. Ita ma fumfuna ce, tana riga mugayen kama wuri ta kuma cinye su. Giram 5 zuwa 10 ga kilon iri. Ga gado kuwa, kilo ɗaya a cikin ruɓaɓɓen taki mai laima kilo 50 zuwa 100, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa kwana 7 zuwa 10. Za a ga fari-fari ya bayyana, daga baya ya koma kore. Wannan koren shi ne shaidar tana da rai, kuma gwaji ne mai arha kafin a sayi da yawa. Kar a sa ta a takin da bai huce ba, kar kuma a haɗa da irin da aka wanke da Apron Star ko makamancinsa, don maganin fumfuna ne a ciki. Ba ta jin daɗin ƙasa mai kanwa ko zafin da ya wuce digiri 35, kuma ba ta maganin tabon ganyen albasa.

Ga tsutsar saiwar tumatir, tunkuzar 'ya'yan dogonyaro giram 100 zuwa 200 a murabba'in mita, a cuɗa a yi ban ruwa mako biyu kafin dashe. Ragewa take yi. Sauya shuka da dawa ko masara ya fi ta.

Hajiya Mai Lambu (Argungu):
Mu da ke da buntun shinkafa tsibi-tsibi a bakin injina, gawayinsa ya fi kwalabe da yawa amfani a yashi, don yana riƙe ruwa kuma ba ya ruɓewa da wuri. A huhhuda tsohuwar garwa, a kafa mata bututu a sama, a hura wuta a ciki, a tara buntun a kewaye. Baƙi zai riƙa tasowa, ana jawo na ƙasa ana rufe shi. Da ya yi baƙi duka a baza a kashe da ruwa sosai, in ba haka ba da safe farar toka za ka tarar. Kuskuren da ake yi shi ne zuba shi gona haka nan: yana tsotse naitirojin, shuka ta yi rawaya a makonnin farko. A cuɗa shi da taki mai laima ko a jiƙa da fitsarin shanu mako 2 zuwa 4 tukuna. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a murabba'in mita, gadon reno kuma kashi 1 cikin 10. Ban da fadama mai kanwa.

Ɗan Zuru:
EM kuwa, wanda Teruo Higa na Japan ya fito da shi, haɗin bakteriyar tsami ne da yis da wasu. Yana rage warin kaji da na tsibin taki, wannan kowa na iya ji da hancinsa. Batun ƙara girbi ne ke da rauni: gwajin shekara 4 da aka yi a Suwizalan ya nuna ɗan bambancin da aka gani daga dusar da aka haɗa shi da ita ne, ba daga ƙwayoyin ba. Mai son gwadawa ya tayar da shi da mazarƙwaila, kashi 1 da 1 a ruwan rijiya kashi 18, a jarka a rufe kwana 7 zuwa 10 ana sassauta murfi, ya zuba wa tsibin taki.

Wanda ba a ambata ba kuma ya shafi masararka shi ne Aflasafe. Ba taki ba ne, ba ya ƙara buhu ko ɗaya. Ƙwayar dawa ce da aka kashe aka rina shuɗi, ɗauke da fumfuna maras dafi da ke korar 'yar'uwarta mai sa gubar aflatoksin a masara da gyaɗa. Kilo 10 a hekta, a watsa da hannu mako 2 zuwa 3 kafin masara ta fitar da tuta, ƙasa na da laima. A gama noma da huɗa kafin nan, don ba a binne shi.

Sabon Manomi (Jega):
Na gode ƙwarai iyayena. Ke nan taki da gwajin ƙasa yanzu, raizobiyam da damina, tiraikodama ƙunshi ɗaya don reno. Maikoraizar ce zuciyata ke ja, tunda shinkafa aka cire a fadamar tawa.

Ɗalibar Nazarin Ƙasa:
To gwada ta yadda za ka san gaskiya, Yaya. Raba gadon reno biyu da tazara a tsakani, rabi da ita rabi babu. Wajen dashe ka ware fangali 8, huɗu na wannan huɗu na wancan, a tsallake-tsallake, kar masu ita su taru a bakin kwata inda ruwa ya fi isa. Taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, ranar dashe ɗaya. Kafa turke ka rubuta da fenti, don bayan wata uku za ka manta. Ranar cira ka auna kowane fangali a sikeli bayan an yanke ganye, ba da ido ba.

Baba Mai Albasa (Aliero):
Kuma ka aje buhu guda na kowane a rumbu daban, ka zazzage bayan wata biyu ka ƙirga ruɓaɓɓu.